Tagwayen Fa'iza da Wasan da Na Kalla a Guangzhou

Tun da na dawo daga China babu wadda za ta shigo shagona a Kwari ba ta ce in ba ta labari ba. "Hajiya Saude, da gaske ne suna cin kwaɗi?" "Wai da gaske ba a ɗauke musu wuta?" Ni kuwa amsata ɗaya ce: ƙasa lafiya lau, sai ɗan karen zafi. Ba rowar labari nake yi ba. Tafiyar ce ta haɗu da wani abu da a lokacin ba ni da izinin faɗa. Yanzu kowa ya riga ya sani, mai abin kuma ta ce in faɗa, don haka ga yadda aka yi.

Kayan yara nake sayarwa. Shekara da shekaru saƙo nake ba wa Yaya Talatu, maƙwabciyata a kasuwa, wadda ta girme ni kuma ta daɗe tana zuwa Guangzhou. Ita ta matsa mini in je in ga kaya da idona. Biza ta fito, an yanki tikiti, saura kwana huɗu mu tashi, sai autata Fa'iza ta ce in raka ta a yi mata hoton ciki. Cikinta na fari ne, wata shida, amma ya yi girman da ya fi ƙarfin watanninsa.

Mai hoton ya daɗe yana kallon na'urarsa. Ya fita ya kira wani, wannan ma ya kira wata. Daga baya likita ya zaunar da mu ya ce 'yan biyu ne, duk mata, amma a manne suke tun daga ƙirji har cibiya, kuma da alama zuciyoyinsu a haɗe suke. Ya ce sai an haife su za a san abin da za a iya yi.

Muka hau adaidaita. Sai da muka kusa gida Fa'iza ta ce, "Umma, Kabiru kaɗai zan faɗa wa, shi da yake mijina. Don Allah kada ki faɗa wa kowa, ko Hajiya Talatu."

Na ce, "Na fasa tafiyar."

Ta ce, "In kin fasa za a tambayi dalili. Ki je, Umma. Sati biyu ne."

Haka na hau jirgi da wannan dutse a ƙirjina.

Daga Kano muka sauka a Habasha, inda muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura. Yaya Talatu ta shimfiɗa mayafinta a kan kujeru uku ta yi barcinta kamar a tsakar gidanta. Jirgi na biyu kuwa ya yi ta tafiya har na fara zaton direban ya ɓata. Da muka sauka, a wajen duba fasfo, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar nawa. Na yi lalle kafin tafiya, ga yatsun sun sha wanki. Na danna, ta ƙi. Na goge, ta ƙi. Layi ya taru a bayana, ma'aikaciyar ta miƙo mini wani ɗan mai na shafa, sannan aka samu. A wajen kaya kuma wani ƙaramin kare ya je ya zauna kusa da jakar Yaya Talatu ya ƙi tashi. Suka buɗe, suka kwashe kilishinta kaf. Da jami'in ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci, sai ya kau da kai ya mayar mata da abarta da sauri. Har muka fita tana mitar kilishi.

Wadda ta tarye mu ita ce Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, mai aika wa 'yan kasuwa kaya ta ruwa. Ta shekara da yawa a can, tana jin yarensu kamar uwarta ce ta haife ta da shi. Hausarta irin ta mutanen Gana ce, ba ta raba mace da namiji. Tana ganina ta ce, "Hajiya ya gaji, ku kawo jakanshi." Na waiga ina neman wane namiji ake nufi.

Ta kai mu wani otal a kusa da Liuhua Lu, wajen tashar jirgin ƙasa. Ɗakin bai fi shagona ba, tagar tana kallon bangon wani gini, katifar kuma kamar benci. Babu buta a banɗaki, amma Yaya Talatu ta san hali, ta taho da tata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ruwan sha. A wannan zafin, in ka nemi ruwa, mai zafi za a ba ka. Mu a gida sai mai jego ko marar lafiya.

Abinci kuwa, akwai Musulmin ƙasar masu fararen huluna da suke ja da taliya da hannu a gabanka, su zuba mata romon naman shanu. Sanda biyu suka ba ni, wai da su ake ci. Na yi ta kokawa har maigidan ya ji tausayina ya kawo cokali mai yatsu. Akwai kuma wata 'yar Damagaram da take tuwo da miyar kuka a wani bene, can ne 'yan Kano suke taruwa ana hirar kwantena da farashin dala. Ni dai ko ina aka je loma uku nake yi. Yaya Talatu ta ce baƙunta ce, za ta sake ni.

Abin da ban saba da shi ba shi ne kallo. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa wata mata ta ɗaga wayarta a gabana ta ɗauke ni hoto ba ko sallama. Wani tsoho ya miƙo yatsa ya goga bayan hannuna ya duba yatsan. Ba da mugunta ya yi ba, har murmushi ya yi mini. Yaya Talatu ta ce, "Ki saba, haka suke." Ni kuwa tunanina ya tafi wani wuri. Ga ni da hannu biyu, ƙafa biyu, jikina ni kaɗai, fata ce kawai ta bambanta, amma ji yadda ido yake ci na.

Kasuwar Shisanhang sammako ake yi mata, don rana na karkatawa sun fara rufewa. Masu tura kaya ba sa cewa gafara, sai dai ka ji ƙarfe a diddigenka. Ciniki da kalkuleta ake yi, ta danna, ka danna. Kowa "lauban" ne, wato maigida, kuma in babu abin da kake nema sai a kaɗa maka hannu a ce "meyo", wato babu. A wani shagon kayan jarirai yarinyar shagon ta ga ina juya wata 'yar riga mai ruwan ƙwai, sai ta zaro irinta ta haɗa su, ta ɗaga yatsu biyu tana dariya, wai akwai na 'yan biyu. Na riƙe rigunan nan ina kallon hannuwansu huɗu da wuyansu biyu, ina tunanin ta ina za a saka su. Sai da Yaya Talatu ta taɓa ni ta ce, "Saye za ki yi ko duba?" sannan na ajiye.

Rana ta shida muka je Xintang, garin wandon jins. Ko ina ƙarar keken ɗinki, hannuwan ma'aikata duk sun yi shuɗi kamar na masu rini a Ƙofar Mata. Ruwan sama ya kama mu a hanya, takalmina ya tsinke, na dawo da silifas ɗin roba da bai kai ƙafata ba. A tashar jirgin da muka sauka ne na ga hoton.

Babban hoto ne a jikin bango, mai wuta ta ciki. 'Yan mata biyu a tsaye cikin kwalekwale, riga ɗaya ta rufe su, kafaɗunsu a rabe amma ƙugunsu a haɗe. Ɗaya tana kallon gabas, ɗaya yamma. Na tsaya cak har wani ya yi karo da ni.

Na ce, "Hajiya Memuna, mene ne wannan?"

Ta karanta rubutun ta ce, "Wasa ne na dandamali, irin wanda ake yi da waƙa. Labarin tagwaye da aka haifa a manne. An yi shi da daɗewa, aka bari, yanzu sun sake dawo da shi da sababbin 'yan wasa."

"Yaushe ake yi?"

"Akwai na ranar Lahadi da rana."

Na ce ina so in je. Yaya Talatu ta dube ni ta ce, "Ke da ko fim ɗin Hausa ba kya kallo? Me za ki ji a ciki, yaren kike ji?" Na ce kawai ina so in ga gidan wasansu kafin in koma. Ta ce ba za ta bar ni in ɓata ba, za ta bi ni. Hajiya Memuna ta yanki tikiti uku a wayarta a nan inda muke tsaye.

Gaskiyar magana, ba wasan ne ya kai ni ba. Mutanen nake so in gani. Ina so in san da wane ido ake kallon irin waɗannan yara, tun kafin a kalli nawa.

Mun yi azahar a otal muka tafi. Gidan wasan babba ne, sanyin na'ura kamar a cikin firij. Tun a zauren shiga na fara ganin abin da na je gani. 'Yan mata suna layi a gaban hoton, biyu-biyu, su manna ƙugunsu, ɗaya ta karkata nan ɗaya can, ƙawarsu ta ɗauka, su fashe da dariya. Har da samari biyu da suka cusa kansu cikin rigar sanyi ɗaya. A gefe ana sayar da 'yan tsana biyu da aka ɗinke a haɗe, na rataya makulli, mutane suna saye.

A bakin ƙofa kuma rigima ake yi. Wata mai ciki ce da mijinta, ga wata dattijuwa ta riƙe hannunta tana ja tana faɗa. Mijin yana nuna tikiti, dattijuwar tana nuna cikin. Na tambayi Hajiya Memuna, ta saurara ta ce, "Uwar mijin ce. Wai mai ciki ba ya kallon irin wannan, kada abin cikin ya kwaikwaya." Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne. Mu ma haka ake hana mai ciki ƙura wa biri ido ko yi wa mai nakasa dariya. A ƙarshe dattijuwar ta yi nasara, suka fita su uku, matar tana waige. Na tsaya ina tuna duk abin da Fa'iza ta kalla tun da ta sami ciki, kamar zan gano laifin wani.

Muka zauna. Ni ce a tsakiya, Yaya Talatu a dama, Hajiya Memuna ta zauna a bayana don ta riƙa raɗa mini. A hagu wata tsohuwa ce ita kaɗai, siririya, gashinta fari fat, ta rungume wata jakar yadi.

Labarin na wasu 'yan mata ne 'ya'yan masunta. Uwarsu ta haife su a cikin kwalekwale, ta ɓoye su a can shekaru, ba ta bari su taka tudu. 'Yan wasan ba a manne suke da gaske ba, wata faffaɗar ɗamara ce ta haɗa su a ƙarƙashin riga, amma sun ƙware, takunsu ɗaya, in ɗaya ta sunkuya ɗayar ta bi. Babbar mai son mutane ce, tana so ta ga gari. Ƙaramar kuwa ba ta son kowa ya gan ta. Muryoyinsu sirara ne, irin waƙarsu da ba ta yi wa kunnenmu daɗi da farko, amma in suka haɗa baki sai ka ji tsigar jikinka ta tashi.

Akwai wurin da wani saurayi mai sayar da gishiri ya zo zance wajen babbar. Ƙaramar ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta kifa kwandon kifi a ka ta yi kamar tana barci. Duk lokacin da saurayin ya faɗi wata maganar soyayya sai a ji tsaki daga cikin kwando. Zauren ya ɗauki dariya. Yaya Talatu har da buga cinya. Ni ma na yi. Wallahi na yi dariya, da ƙarfi, har na ji muryata. Ina jin ta kuwa sai na katse ta. Na je in ga yadda mutane suke yi, ga shi na yi abin da suke yi.

Daga nan labari ya juya. Mutanen gari suka ji labarinsu, suka riƙa zuwa bakin ruwa kallo, wasu da ƙwai a hannu, wasu da 'ya'yansu a wuya. Uwar ta ɗauki filafilin tuƙa kwalekwale tana korar su tana waƙa kamar mai kuka. Sai kiɗa ya tsaya. 'Yan matan suka tako har bakin dandamali suka tsaya, aka kunna fitilun da ke kanmu, mu 'yan kallo. Ba su ce komai ba. Kallonmu kawai suke yi, layi-layi, fuska-fuska.

Ban san tsawon lokacin ba, amma ya daɗe. Na ga wani mai kwat yana gyara abin wuyansa. Wata da ta ɗaga waya ta sauke ta a hankali ta tura ƙarƙashin cinya. Wasu samari a gaba suka yi 'yar dariya, babu wanda ya taya su, suka yi shiru. Wani ya yi tari. Akwai wanda yake barci tun farko, hasken ya tashe shi ya fara tafi shi kaɗai. Tsohuwar da ke kusa da ni kuwa ba ta sunkuyar da kai ba, ta bar su suka kalle ta. Da idon ƙaramar ya zo kaina, ni na kasa.

Aka ba da hutu. Muka fito wajen da ake shan ruwa, Yaya Talatu tana gyara mayafi tana cewa, "Kai, Allah mai halitta. Amma dai Allah ya raba mu da irin wannan haihuwa. Ni da ni ce uwar nan, wallahi roƙon Allah zan yi ya karɓi abinsa tun suna jarirai. Wannan ai ba rayuwa ba ce, su wahala, ke wahala."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Magana ce irin wadda ni ma da wata biyu baya ne zan iya faɗa. Amma sai na juya na dafa bango. Ta ce, "Saude, lafiya? Ko sanyin nan ne?"

Na yi wa Fa'iza alkawari. Na riƙe shi kwana goma sha ɗaya. A nan, kusa da ƙofar banɗakin mata, mutane suna wucewa suna kallonmu, na karya shi. Na ce, "Yaya, cikin Fa'iza ne. Haka suke. Su biyu, mata."

Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai ta ɗaga hannu ta doki bakinta, da gaske, har na ji ƙarar. "Wannan baki nawa. Saude, ki yafe mini. Tashi mu tafi gida, me ya kawo mu nan?"

Na ce, "Ba inda za ni sai na ga ƙarshe."

Hajiya Memuna ta kama hannuna ta mayar da ni kujerata.

A kashi na biyu wani likita ya zo daga birni ya ce zai iya raba su, amma ɗaya ce za ta rayu, kuma ba zai iya cewa wacce ba. Saurayin yana so a yi. Uwar ta ƙi magana. 'Yan matan suka yi wata doguwar waƙa, kowacce tana cewa a ba wa 'yar'uwarta ran. Ƙarshe suka sallami likitan, mai gishiri ya auri wata, uwar ta tsufa ta mutu, suka rage su biyu a cikin kwalekwale da furfurarsu suna gyaran komar kamun kifi. A haka fitila ta mutu.

Ta ko ina ana jan hanci. Aka yi tafi, ba laifi. 'Yan wasa suka fito ɗaya bayan ɗaya suna rusunawa, na ƙarshe su ne 'yan matan, har yanzu a haɗe. Sai suka sa hannu ƙarƙashin rigar suka kwance ɗamarar, ɗaya ta ruga wannan gefe, ɗaya wancan, kowacce ta rusuna ita kaɗai. A nan ne zauren ya tashi. Mutane suka miƙe tsaye, ana ihu, ana fito, waɗanda suke kuka yanzun nan suna dariya suna share ido. Duk abin da aka yi a ranar babu wanda ya sami tafi kamar wannan rabuwar. Na gane su. Sun huta ne, an nuna musu ƙarya ce. Ni kaɗai ce a zaune, ni da Yaya Talatu da ta kifa kai a gwiwa.

Muna fita ana ta gardama. Hajiya Memuna ta ce wani mutum yana cewa wauta ce, da an yi aikin ko ɗaya ta more rayuwa. Matarsa ta ce shi dai bai taɓa son kowa ba. Wasu 'yan mata suna cewa na da ya fi ban dariya, haka iyayensu suka gaya musu.

Tsohuwar nan ta hagu ta biyo mu har matakala ta yi wa Hajiya Memuna magana. Ta ce ita wannan ne zuwanta na biyu. Lokacin da aka fara yin wasan tana cikin waɗanda suka tashi suka fita tun kafin a kai rabi, don a lokacin gani take bai kamata a nuna irin wannan a bainar jama'a ba. Ta ce tun daga ranar take son sanin yadda suka ƙare. Sai ta nuna ni ta ce me ya sa baƙuwa da ba ta jin yare ta fi kowa kuka.

Tunda na riga na faɗa sau ɗaya, na biyu bai yi wuya ba. Na ce a gaya mata jikokina ne suke tafe a haka. Hajiya Memuna ta faɗa. Wata mata da ke tsaye kusa da mu ta ji, ta dube ni, ta ja 'yarta suka matsa. Tsohuwar kuwa ta daɗe tana kallona. Ta buɗe jakarta ta zaro lemo guda biyu ƙanana ta sa mini a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kansu, ta sauka matakala a hankali tana dafa ƙarfe.

Sauran kwanakin Yaya Talatu ce ta yi mini komai. Ita ta ƙarasa sayayyata, ita ta tsaya aka ɗaure kaya a wajen Hajiya Memuna. Na kira Fa'iza na gaya mata na faɗa. Ta ce, "To, Umma," ta kashe waya. Har na dawo ba ta ƙara ɗaga kirana ba, sai Kabiru ne yake gaya mini lafiyarta.

Na dawo da sati bakwai aka yi mata aiki aka ciro su. Farare ne, masu gashi, fuskokinsu suna kallon juna, hannun ɗaya a wuyan ɗaya. Likitoci suka duba suka ce babu yadda za a raba su.

Kafin la'asar labari ya gama asibitin. Masu jinyar wasu ɗakunan, masu sayar da abinci, har da waɗanda suka zo daga waje don wannan kawai, kowa da waya a hannu. Yaya Talatu ta rufe shagonta ta zo ta ajiye kujera a bakin ƙofar ɗakin jarirai. Duk wanda ya zo sai ta ce, "Wa kika zo gani? Sunanta za ki faɗa mini." Wata ta ce ita dai ikon Allah ta zo gani. Ta ce, "Je ki duba madubi." Duk da haka wani ya samu ya ɗauki hotonsu ta taga, washegari na gan shi a wayar mai adaidaitan da ya kawo ni. Bai san ko ni wace ce ba, ya miƙo mini yana cewa, "Hajiya, kin ga abin al'ajabi?"

Ranar suna wani kawun Kabiru ya ce rago ɗaya ya isa tunda jiki ɗaya ne. Kabiru bai yi musu da shi ba, ya dai fita ya dawo da biyu. Aka raɗa musu Hassana da Usaina. Hassana mai kuka ce, Usaina sai ido. In aka ba wa ɗaya madara sai ɗayar ta riƙa motsa baki. Fa'iza tana ɗingisawa da ɗinkinta ta je ta zauna kusa da kwalbarsu tun safe, ta zura hannu tana shafa bayan wannan, tana shafa na waccan, ba ta fifita kowa.

Kwana goma sha uku suka yi. Da hantsi suka tafi, kusan tare. Ni na yi musu wanka. Kabiru ya ɗauke su a hannunsa, ko makara ba a nema ba.

Aka yi zaman makoki a gidana. Mata suna shigowa suna fita, kowacce da irin maganarta, kuma kusan duk ɗaya ce. "Allah ya so ku da rahama." "Ai gara haka, Allah ya hutar da su." "Fa'iza, ki gode wa Allah, ya hutar da ke." Ita kuwa tana zaune a kan tabarma tana cewa amin, amin, na gode.

Rana ta uku da yamma, bayan mutane sun ragu, na same ta a ɗaki tana matse nono a kofi don ya cika yana yi mata ciwo. Na zauna kusa da ita. Tun maganar wayar nan ba mu zauna mu biyu kaɗai ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Umma, kowa sai cewa yake Allah ya hutar da ni."

Na ce, "Ba su san abin da za su ce ba ne."

Ta ce, "Ni ban ce wa kowa na gaji ba."